Kalmar da Mutari Ya Tsallake

Sallama gare ku, masu biye da ni. Na san na yi shiru kwana biyu, har wasunku sun aiko suna tambaya ko lafiya. Lafiya lau, alhamdu lillahi. Wani abu ne ya faɗo wa gidanmu ya hana ni zama in rubuta, sai yau da zuciyata ta ɗan sauka. Zan ba ku shi yadda ya auku, ba ragi ba ƙari.

Ga wadda yau ta fara karanta ni, sunana Naja'atu. Gidanmu yana Deule, amma ina zaune Madawa wurin ƙanwar innata, Iya Mairamu, saboda lakol. Bara na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, kuma Ingilishi ne ya kada ni, shi ya sa bana nake maimaita ajin ƙarshe. Mai nemana sunansa Yero, Bafulatani ne na wajen Bangi. Danginsa makiyaya ne, shi kuwa ya ajiye sanda ya kama rakiyar albasa. In an loda kamyo, wato babbar motar kaya, a Madawa, shi ke bin kayan har Kumashi ta ƙasar Gana, ya damƙa su hannun masu su ya komo. Iyayensa sun kawo kayan gaisuwa gidanmu, Baba ya karɓa, amma ya ce ba maganar sa rana sai na gama jarrabawa. Gwaggo Cima kuwa, yayar Baba, tun farko ba ta yi na'am ba. A cewarta, mutumin da rabin rayuwarsa ke bisa buhunan albasa ba miji ba ne, baƙo ne mai kwana ɗaya.

Da zafi ya shigo aka fara kwasar albasa, wana Hamza ya matsa wa Yero sai ya tafi da shi ya ga hanya, tunda aikin gona ya ƙare. Yero ya yi ta kaucewa, daga baya ya yarda. Saƙon ƙarshe da ya turo mini daga hanya har yanzu yana cikin wayata: "Mun ƙetare iyaka lafiya. Yayanki ya ƙi cin dokunu, tuwon masarar mutanen nan, wai tsami gare shi. Ki bar kallon waya ki yi karatu." Na yi dariya ni kaɗai, na tura masa hoton kayena, littafin rubutuna, a buɗe don ya ga shaida.

Ranar Asabar da hantsi ina tsugune bakin famfo ina wanke kayan lakol, waya ta yi ƙara. Mutari ne, ɗan baffana, wanda tare suka tashi da Yaya Hamza kamar tagwaye.

"Naja'atu, Baba ya ce ki taho gida yau."

"Lahiya?"

"Ki taho dai."

Ya kashe. Muryarsa ta shaƙe kamar mai mura. Na bar wankin cikin roba, na zura doguwar rigar atamfata mai ruwan ganye, na ja hijabi ruwan toka wanda ko guga bai gani ba. Iya Mairamu ta raka ni tasha tana ta karanto addu'o'i. Cikin motar Buza na kira lambar Yero ta Gana har yatsana ya gaji, ba ta shiga. Daga Buza na hau kabu-kabu, rana na dukan ƙeyata, ina ta lissafin tsofaffin gidanmu, ina tunanin wane ne cikinsu.

Tun daga zaure na ga takalma jibge. Tsakar gida cike da mata bisa tabarmi, ba mai kuka da ƙarfi, ba kuma mai magana. Inna tana madafa tana tuƙa tuwon da ba wanda ya ce yana jin yunwarsa. Yaya Hamza ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta zauna cikin mutane ta nuna damuwa a kansa. Da na gan ta a haka, bayanta a juye, muciya na ta kai da komo, na san maganar tasa ce.

Gwaggo Cima tana zaune bisa kujerar ƴar tsugune a tsakiyar gida, ta yi ɗaurin ƙirji da zanen baƙi, carbi a wuya.

"Ga ta nan," ta ce. "Taho ki ji aikin Bahillacenki."

Na wuce rumfar da Baba yake zaune da dattawa, na durƙusa na gaishe su. Baba ya amsa a hankali, ya dubi Mutari.

Idanun Mutari sun yi ja. Ya ce da asuba saƙo ya shigo wayarsa daga wata lambar Gana, da Ingilishi. Lambarsa ce kaɗai Hamza ya haddace, wayar Baba kuwa ƙarama ce, ba ta karɓar irin wannan saƙo. Sun kira lambar sun gaji, ba a ɗauka. Mutari ya yi shekaru yana kabu-kabu a Legas, duk unguwarmu shi ake kai wa abin da ya zo da Ingilishi, don haka shi ya fassara.

"Kamyon su Yero ta take Hamza cikin tasha," ya ce. "An kai shi likita. An kuma aika ƴan sanda su kama Yero."

Sai da na dafa ƙasa. Wana a kwance, ban san ko yana da rai ba, mutumin da nake so kuma a hannun hukuma a ƙasar da ba mu da kowa. Na ji kamar in tashi in bar rumfar. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ce:

"Baba, a ba ni in gani da idona."

Mutari ya miƙo wayar. Gilashinta ya tsage ta gefe, sai da na kare ta da hijabi saboda hasken rana. Ga abin da aka rubuta, na kwafo muku shi yadda yake:

"Good morning. I am the medical assistant here. Your brother Hamza was knocked down by a lorry at the station. He was brought in by one Yero. The police were sent for by Yero. Hamza is being looked after."

Karatun farko ban gane komai ba, haruffan rawa suke yi. Na ja numfashi na sake bi a hankali, kalma bayan kalma, da yatsa, kamar ƴar ajin farko. Da na iso layin ƴan sanda sai na tsaya cik, don na taɓa ganin irin wannan jimlar, kuma na sha kunya a kanta.

Bari in ɗan koma da ku baya. Bana aka kawo mana sabuwar malamar Ingilishi, Madam Salima, wata siririyar mata mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya. Wata rana ta tashe ni gaban tablo, wato allo, ta ce in juya wata jimla, in sa wanda aka yi wa aikin a gaba. Na juya, na yar da wata ƙaramar kalma a hanya, ma'anar ta birkice, aji ya kwashe da dariya. Madam ta bari suka gama. Sai ta ɗauki alli ta rubuta: "Naja'atu was laughed at by the class." Ta ce da su, "To, ku da kuka iya, wa aka yi wa dariya, wa ya yi dariyar? Me ya sa ƙananan kalmomi biyu suka jeru a tsakiya?"

Da aka tashi ta tsayar da ni. Ta ce da Hausa muna cewa an kira, an kai, an yi dariya, mu ɓoye mai aikin mu huta. Ingilishi kuwa yakan ɗauko wanda abin ya faɗa wa ya sa shi a gaba, mai aikin ya koma can baya, kuma kalmar "by" ce ke riƙe da hannunsa. Ta ce akwai ayyukan da ke tafe da jelarsu, irin "laugh at", "look after", "send for", kuma ko an juya jimla jelar tana nan manne da aikinta, ba ta sunan da ke biye ba ce. "In kin ga ƙananan kalmomi biyu sun haɗu, kada ki yi sauri. Ta fari ta aikin ce, ta biyu ita ke nuna miki mai yi." Tun daga ranar, duk Laraba da yamma nake zuwa gidanta, tana tsintar shinkafa ko tana yi wa ɗiyarta kitso, ni ina juya jimloli a bakin tabarma. Ba ta taɓa nuna ta gaji ba.

To wannan ne ya dawo mini a rumfar Baba. Na ɗago kai.

"Baba, ba haka anka rubuta ba."

Kowa ya juyo.

"Wata kamyo ta buge Yaya, ba a ce ta su Yero ba. Yero ya ɗauke shi ya kai likita. Kuma ba a aika a kama Yero ba. Shi da kanshi ya aika anka kira ƴan sanda."

Mutari ya karɓe wayar. "Ke Naja'atu, dubi nan. Ga ƴan sanda, ga 'sent for', ga Yero. Ni na zauna Legas. In anka ce polis sun taho 'for' kai, takalminka za ka ɗauka."

"Akwai kalma tsakani, Yaya Mutari. Dubi bayan 'for'. Ka tsallake ta."

Ya ƙura ido. Na ga leɓensa na motsi. Amma bai miƙo wayar ba.

Ashe Gwaggo ta taso ta tsaya bakin rumfa. "Ayuba," ta kira Baba da sunansa, don ita ta goye shi, "yarinyar da Ingilishin ga ya kada bara, ita za ta hwassara muna shi yau? So na magana cikin bakinta, ba karatu ba. Ko cewa anka yi ya yanka shi, sai ta ce aski ya yi mishi."

Wallahi maganar ta shige ni, don rabinta gaskiya ce. Na faɗi bara, kowa ya sani. Kuma ni kaina sai da na tambayi zuciyata, anya ba abin da nake so in gani nake gani ba? Hawaye suka cika mini ido, na sunkuyar da kai.

Baba mutum ne da ba ya gaggawa. Ya daɗe yana murza gemunsa, sannan ya ce:

"Wa ya koya miki wanga karatu?"

"Madam Salima."

"Ta san Yero?"

"Ko sunanshi ba ta taɓa ji ba."

"To tura mata saƙon. Kar ki hwaɗa mata abin da kinka gani, kar ki hwaɗa mata abin da Mutari ya gani. Ki ce tsohonki na roƙon ta hwaɗa mishi da Hausa."

A gidanmu rezon waya bai kama sosai sai kusa da rumbun hatsi. Can muka ɗunguma, ni da Baba da Mutari da dattawa biyu, matan suka biyo daga nesa. Na tura. Ba a jima ba ta kira, na buɗe muryar kowa ya ji. Ta gaida Baba da ladabi, ta yi masa jaje, sannan ta bi saƙon layi layi. Wata babbar mota ta buge shi a tasha. Wani mai suna Yero ya kawo shi asibiti. Yero ɗin ne ya aika aka kira ƴan sanda. Ana kula da Hamza.

"Baba, ban san wane ne wanga Yero ba," ta ƙara, "amma baƙon da ya tsaya a ƙasar mutane ya nemi hukuma da kanshi, ba mai gudun laihi ba ne. Naja'atu, ke kin karanta kahin ki turo mini?"

Na ce na karanta.

"Mi kinka gane?"

Kafin in buɗe baki Baba ya amsa mata. "Abin da kinka ce, shi ta ce, Madam. Allah shi saka miki da alheri. Allah shi raya miki zuri'a."

Ƴan uwa, ban taɓa jin daɗin wata magana a duniya kamar wannan ba. Ba yabo ya yi mini ba, ko kallona bai yi ba. Amma a gaban yayarsa da dattawan unguwa ya tsaya mini.

Muna juyowa sai na ga Inna a bayan rumbu, muciya a hannunta, tuwo ya bushe a jiki. Ta yafito ni.

"Wancan na ƙarshe," ta ce ƙasa ƙasa, "sake hwaɗa mini."

"An ce ana kula da shi, Inna."

"Ana kula da shi. Kenan da ranshi."

"Da ranshi."

"Wa ke kulawar?"

Na sake duba saƙon. Nan babu "by", babu suna, jimlar ta tsaya a jelarta. "Ba su hwaɗi ba, Inna."

Ta jinjina kai. "Allah ya san shi," ta ce, ta koma madafa. Sai a lokacin na ji tana fyace hanci.

Da yamma Mutari ya same ni ina wanke kwanoni. Ya tsuguna nesa kaɗan. Can ya ce tun da ya ga sunan Hamza kusa da kalmar mota idonsa ya rufe, sauran duk cikin tsoro ya karanta. Na ce na sani, ni ma sai a karatu na biyu na gani. Ya miƙo wayar ya ce in sake nuna masa kalmar. Na share hannuna a zane na nuna masa. Harafi biyu ne kacal, kuma tsagewar gilashin ta bi ta kusa da su.

Washegari bayan la'asar lambar nan ta Gana ta kira. Muka sake rugawa rumbu. Wani dattijo ya fara magana da Ingilishi a nutse, na gane yana ba da haƙuri, wai yana bakin aiki ne jiya wayar na cikin aljihun tebur. Daga nan sai muryar Yaya Hamza, a raunane amma tasa ce.

"Baba, ina nan. Ƙahwa ce ta karye, an ɗaure ta."

Baba ya ce alhamdu lillahi har sau nawa ban ƙirga ba. Hamza ya ba da labari a gutsure. Sun tsaya wani ƙaramin gari kafin Kumashi, ya sauka sayen ruwa, wata kamyo mai ja da baya ta ture shi. Direbanta ya so ya sulale, Yero ya tsaya gaban motar ya ƙi gusawa, ya tura wani ya kira ƴan sanda, sannan ya saɓi Hamza a kafaɗa. Cikin turmutsitsin wayar Yero ta faɗi aka tattake ta, ta Hamza kuwa ta tafi tare da aljihun wandon. Yero ya bar albasa ta wuce da direbansu, shi ya zauna.

"Shi ka yi mini komi, Baba. Shi ka ɗaga ni, shi ka wanke ni. Jini ma da anka nema, nashi anka ɗiba. Bisa tabarma yake kwana ƙarƙashin gadona."

Na waiga. Inna tana tsaye inda ta tsaya jiya, ta ji da kunnenta.

Baba ya ce a ba shi Yero. Na ji ƙarar wayar tana sauya hannu, sai ga muryarsa, ƙasa ƙasa kamar kullum in yana gaban manya. Ya gaida Baba, ya kuma fara ba da haƙuri, wai amana aka ba shi bai tsare ba. Baba ya katse shi.

"Yaro, bar wannan magana. Ka yi abin da ɗan uwa ka yi. Allah shi yi ma albarka."

Sannan Yero ya ce, "Amin, Baba. A gaida mutanen gida duka." Ya ɗan yi tari. "Da masu karatu."

Dattawan nan biyu suka yi kamar ba su ji ba. Ni kuwa na ja hijabi na rufe fuskata, ina murmushi ina hawaye lokaci guda.

Na ɗauka an gama. Mata sun fara naɗe tabarmi, ana ta barka. Sai na lura Gwaggo Cima ta koma kujerarta ta zauna, fuskarta ta yi fari fat, carbin na hannunta amma ba ta ja. Baba ma ya lura.

"Yaya, lahiya?"

Ta ce, "Ayuba, na yi gaggawa."

Ashe jiya da safe, tun kafin in baro Madawa, da jin fassarar Mutari ta shiga ɗakin Inna ta kwaso kayan gaisuwar da iyayen Yero suka kawo, turamen atamfa da goron da ya rage da ƴar kwalbar turare, ta ƙulle su cikin zane. Ta ba Mahaman mai motar kasuwa, ta ce ya bi da su ta Bangi ya sa a kai rugarsu, ya kuma gaya musu dalili. Inna ta gani, amma wa zai tare Gwaggo a irin wannan safiya?

"Dalilin ma kin aika?" Baba ya tambaya.

"Na aika."

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Ya ce kawai, "Mun kai ma mutane baƙin labarin ɗansu, kuma ƙarya ne." Aka nemi Mahaman a waya, ya ce ai tun jiya ya damƙa. Ba wanda ke da lambar kowa a rugar, mahaifin Yero ma ba ya riƙe waya, ƴan uwan Yero maza sun yi kudu da shanu. Baba ya ce gobe da kansa zai tafi, ya sa aka fito masa da babbar rigarsa fara ta Juma'a.

Ban ji haushin Gwaggo yadda na zata ba. Ita ta yi wa Hamza wankan jego, a bayanta ya yi wayo. Da magariba na kai mata ruwan alwala, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ɗiyar ga, ashe lakol ɗin taki ba banza ba." Daga bakin Gwaggo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da safe Baba ya shirya, ya sa hula, yana jiran mai kabu-kabun da zai kai shi Buza. Ni ina shara a ƙofar ɗakin Inna. Sai muka ji sallama daga zaure, muryar mace, da Hausar da ke da ɗanɗanon Fulatanci.

Doguwar dattijuwa ce, siririya, cikin baƙin saƙi da ya sha ƙurar hanya, da manyan ƴan kunne na azurfa. A kanta ƙunshin zane ne, kuma na gane zanen, na Gwaggo ne. Sau ɗaya na taɓa ganinta, daga bayan labule, ranar da aka kawo gaisuwa. Jaratu ce, mahaifiyar Yero. Ta kwana a hanya, motar kasuwa zuwa motar kasuwa, ita kaɗai.

Inna ta shimfiɗa tabarma, dattijuwar ta ƙi zama. Na kawo ruwa a kwanon sha, ta ƙi karɓa. Ta sauke ƙunshin ta ajiye a tsakiyar gida.

"Ban zo rigima ba," ta ce. "An ce yarona ya taka ɗanku, an kama shi. In haka ne, na zo in durƙusa. Amma ina so in ji daga bakin wanda ya karanta takardar."

Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Gwaggo ta fito daga ɗaki ta tsaya, ta kasa haɗa ido da kowa. Baba ya ce, "Naja'atu."

Mutari ya miƙo mini wayar da kansa. Na durƙusa gaban matar nan, na karanta mata da Hausa a hankali. Da na zo wurin ƴan sanda na ce, "Shi ya aika anka kira su, Inna. Ba a kama shi ba. Jiya mun ji muryarshi, lahiyarshi lau. Shi ka jinyar wana, har jininshi ya ba shi."

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe ido, leɓenta na motsi da Fulatanci, sannan ta zauna bisa tabarmar da ta ƙi. Ta miƙa hannu, na ba ta ruwan, ta shanye tas. Gwaggo ta matso ta durƙusa kusa da ita, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ta ce ita ta aika, a yafe mata. Dattijuwar ta dafa kafaɗarta ta ce tsoro ne, ita ma uwa ce.

Sannan ta juyo ta dube ni sosai, tun daga ɗankwalina har tsintsiyar da na yar a gefe.

"Ke ce mai karatun."

Na sunkuyar da kai.

"Kin sauke mini dutse daga ƙirji, ɗiyata. Allah ya sauke miki naki." Ta ɗora tafin hannunta bisa ƙunshin, ba ta tura shi wajen Baba ba, ba ta kuma janye shi wajenta ba. "Amma akwai abin da ban gaya muku ba. Da kayan nan suka iso, mahaifin yarona ya tara ƴan uwansa, ya ce a gabansu abin da aka maido masa ba ya sake aikawa da shi, ko da yaron ya fito da gaskiya. Mutum ne da bai taɓa janye magana ba. Ni na ɗauko su jiya da asuba, bai sani ba."

Daidai nan mai kabu-kabu ya yi oda a ƙofar gida. Baba ya dubi ƙunshin, ya dubi dattijuwar, ya dube ni. Ya mayar da hularsa a kai.

"Ki huta ki ci abinci," ya ce mata. "Mutari, nemo wani babur ɗin. Tare za mu koma, kuma ni zan ɗauki kayan ga a kaina in shiga rugar da su."